Rabin Maganar Likita

Litinin, da hantsi

"Ki daina kallon ƙafata kamar za ki saya," in ji Mama. "Ƙafa ce. Kowa yana da biyu."

Na ce ai gani na yi tata ta kusa zama uku. Ta nuna ni da almakashi, ta ja zane ta rufe. Ta manta aikina a gidan rediyo shi ne in saurari manya suna kewaye-kewaye, in fassara wa jama'a abin da suka ƙi faɗa.

Ƙafar ta kumbura har igiyar silifa ta bar shaida a kanta. Keken ɗinkinta a buɗe yake, da ɗankwali rabi a ƙarƙashin allura, amma tun da na shigo ban ji ƙararsa ba. Keken nan kamar agogon bango yake a gidanmu, ba ka sanin kana jin sa sai ya yi shiru.

Bara waccan aka yi wa Mama aikin ciwon daji a nono, aka bi ta da ƙarin ruwan magani har gashinta ya zube. Na rubuta sunan sau ɗaya, ya isa. A gida Baƙo muke ce masa. Ita ta raɗa masa suna: ya zo ba sallama, ya ci ya sha, ya tafi da nono guda bai ce an gode ba. Ranar da aka gama maganin, Yaya, babban wanmu, ya fito daga ofishin likita da magana ɗaya tak, ya bi dangi da waya ɗaya bayan ɗaya: likita ya ce ba shi zai kashe ta ba. Tun daga nan maganar ta zama taken gidanmu. Mama ta yi tari, ba shi zai kashe ta ba. Mama ta gaji, ba shi zai kashe ta ba. Da a ce ana saka magana a firam, da Yaya ya rataye wannan a falo.

Yau ba wanda ya faɗe ta.

Litinin, bayan magariba

Auta, ƙanwarmu, ta kira ni. Ta ce ko na ga abin da ta gani. Na ce na gani. Sannan ta tambaye ni ko har yanzu ina amfani da tukunyarta.

Laraba, da azahar

Mama ba ta je ɗakin ƙarin ruwa ba. Tun da aka sallame ta, Laraba ba ta taɓa wuce ta ba. Takan ɗinka ɗankwali masu laushi, ta kai wa matan da gashinsu ya zube, ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta cire nata, ta girgiza kai kamar mai tallar man gashi. Yau ta ce zare ya ƙare. Akwai zare a aljihun keken nan da zai kewaye unguwarmu sau biyu. Ta ba ni waɗanda ta gama, ta ce in kai.

Ban taɓa shiga ɗakin ni kaɗai ba. Kujeru ne a jere, kowace da sandar ƙarfe da leda a rataye, talabijin a kunne ba murya, ga warin maganin goge ƙasa. Ashe Mai Gashi suke ce wa Mama. Ina shiga suka kalli bayana, suna jiran ainihin baƙuwar.

Wadda ke kujerar bakin taga ita ce Uwar Tagwaye. Na san labarinta a bakin Mama: mai sayar da kifi ce, tana tsakiyar magani, sau biyu tana cewa ta daina, sau biyu Mama tana zuwa har rumfarta ta jawo ta. Ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa, ta ce lallai ni ce wadda Mama ke ce wa Farfesa, don fuskata ta yi kama da ta wadda ake bin ta bashin dariya. Sannan ta tambayi Mai Gashi.

Na ce mura.

Ta ce in gaishe ta, in ce mata kujerar da take zama ta yi ƙura. Ta ci gaba da kallon taga. Daga tagar ana ganin duk wanda ya shigo asibitin.

Juma'a, bayan la'asar

Taron gaggawa a kicin: ni, Yaya, Auta. Yaya malamin koyar da tuƙi ne, don haka ko raɗa zai yi sai ka ji kamar yana cewa a taka birki. Ra'ayinsa shi ne Baƙo ya dawo, kuma kada a bari ta sani. Auta ta ce ita ma haka take gani, ta fara kuka a kan albasar da ba ta yanka ba tukuna. Na ce tun da mu uku duk likitoci ne, sai mu buɗe asibiti.

"Ina jin ku," in ji Mama daga ɗaki. "Ku ƙara gishiri a miyar."

Tun da magani ya kashe mata ɗanɗano take zuba gishiri kamar mai kore maye. Ba wanda ke hana ta. Wadda ta sha wuya irin wannan, wa zai tsaya ƙirga mata cokali? Na tambayi Yaya ina maganin hawan jininta, don ban gan shi a kan durowa ba. Ya ce ai tun bara ta ce cikinta ya gaji da ƙwayoyi, shi kuma ya ga wadda ta kayar da zaki ba za a dame ta da zancen sauro ba.

Na ƙara gishirin.

Asabar, da safe

Matashin kai uku yanzu. A zaune take barci.

Lahadi, da yamma

Na yi mata kitso. Gashin da ya dawo ya fi na da laushi, fari da baƙi a gauraye, kuma tana ji da shi fiye da yadda take ji da mu ukun. Ina tsaga, tana numfashi kamar wadda ta hau bene. Na ce gobe za mu je asibiti. Ta ce in ja a hankali, ba doki nake wa ado ba. Na maimaita. Na ci gaba da kitso har na kai ƙeya.

Sannan ta ce ba tsoro take ji ba, in cire wannan a raina. Ta ce in tuna tagar. Duk wanda ya shiga asibitin nan sai ya wuce ta gabanta.

"Ranar da Uwar Tagwaye ta gan ni ana tura ni a keke, ranar za ta zare allura da hannunta. Matan nan ba likita suke saurara ba, Farfesa. Kaina suke kallo."

Na ce akwai wasu asibitocin. Ta ce duk inda ta je can za a mayar da ita, su suka san tarihinta. Na ce to shirin nata shi ne ta mutu a gida don kada a ce ta mutu? Ta yi dariya har tari ya kama ta, na riƙe kitson da hannu ɗaya, ɗayan ina shafa bayanta. Da ta samu numfashi ta ce duk bokona bai koya min ladabi ba.

Kitson ya yi kyau. Ta daɗe a gaban madubi.

Litinin, da rana

A wurin aiki na fassara jawabin wani babba da ya yi rabin awa yana cewa ba komai. Ban taɓa jin na fahimci mutum haka ba.

Talata, bayan isha'i

Mun je.

Sharuɗɗanta: ba ranar Laraba ba, ba ta babbar ƙofa ba, ba a keke ba. Ta ƙofar baya muka bi, wajen masu wankin zannuwan gado, tana sanye da rigarta mafi kyau, da jakar ɗankwali a hannu, don in wani ya gan ta ya zaci ziyara ta zo. A barandar nan ta tsaya hutawa har na daina ƙirgawa. Duk tsayuwa sai ta sami abin da za ta soka: labulen nan an karkata ɗinkinsa, wancan fentin bai dace ba.

Likitanta saurayi ne mai gilashi, tana ce masa Ɗana, shi kuma yana tashi tsaye in ta shigo. Ya saurari ƙirjinta gaba da baya. Ya danna ƙafar da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Aka yi hoto, aka ɗebi jini, muka wuni a benci. Da ya kira mu, sai ya tambayi yaushe rabon da a duba zuciyarta.

Muka kalli juna. Yaya ya ce ai zuciyarta lafiya lau, ba ta riƙe kowa.

Likitan bai yi dariya ba. Ya ce ciwon bai dawo ba, ya duba lungu da saƙo. Zuciya ce ta raunana, ruwa ya taru a huhu da ƙafa. Ɗaya daga cikin magungunan da suka kori ciwon yakan taɓa zuciya, ga shekaru, ga hawan jini da aka saki. Ya ce ai ya faɗa tun ranar sallama.

"Na ce ba wannan ne zai kashe ta ba, in dai an kula da zuciyar. Na ce a riƙa kawo ta ana dubawa."

Na kalli Yaya. Na gan shi a raina ranar nan, sarai kamar ina wurin: likita yana kaiwa "in dai", shi yana bakin ƙofa da waya a kunne.

Likitan ya ce ba mu ne na farko ba. Da yawa daga masu wannan ciwo, ba shi ne yake tafiya da su ba. Wani zuciya, wani zazzaɓin da ya samu jiki ba kariya, wani jini ne zai daskare a jijiya. Kowa ya tare babbar ƙofa da sanda, an bar taga a buɗe.

Duk wannan bayani, magana biyu Mama ta tsinta.

"Bai dawo ba?"

Ya ce bai dawo ba.

"Zuciya ce kawai?"

Ta kama hannunsa da hannu biyu tana sa masa albarka, shi da uwarsa da matar da bai aura ba tukuna. Ban taɓa ganin an ba mutum mummunan labari ya karɓa kamar kyautar biki ba. Ya kalle ni ta saman gilashi. Na kalli labulen da aka karkata ɗinkinsa.

An kwantar da ita a sama, ɗakin masu ciwon zuciya.

Laraba, da safe

Na sami Yaya a cikin motar koyar da tuƙi, ya kifa kai a sitiyari. Na shiga ta ɗaya ɓangaren, inda birki na biyu yake. Na yi tanadin maganganu masu kaifi tun jiya, har na jera su. Ya ce shi fa ya ji an ce ba za ta mutu ba ne, kunnensa ya toshe.

Na ce wanda ya daɗe da ƙishi ba ya jira a cika kofi. Ban san daga ina maganar ta fito ba, ba ta cikin jerin. Muka zauna. Ya ba ni rabin biskit da ya kwana a aljihun mota.

Laraba, da azahar

Ɗakin ƙarin ruwa yana ƙasanmu daidai. Na ce wa Mama bari in sauka in gaya musu gaskiya, tun da yanzu gaskiyar mai daɗi ce a wurinta. Ta ce kada in kuskura. Ina cewa tana kwance a asibiti, ba wadda za ta ji sauran. Ta ce mu da muka yi makaranta ma rabi muka ji. Za ta gaya musu da bakinta, a tsaye, ranar da aka sallame ta.

Ba na son in Mama ta fi ni hujja, kuma kullum sai ta fi ni.

Juma'a, da hantsi

Ƙafar ta sace. Ta sa silifa ta yi yawo har bakin taga ta dawo, tana gaisawa da kowane gado kamar mai neman ƙuri'a. An hana gishiri. Ta ce abincin nan ko akuya aka ba sai ta kai ƙara. Na kama Auta da ƙulli a cikin jaka, ta rantse sukari ne. Na ɗanɗana a gabanta.

Mama ta ce a kawo mata ɗankwalin da ta bari a keke, da allurar hannu.

Lahadi

Lafiya. Ta yi dariya sau da yawa. Ta tsawata wa wata nas a kan maɓallin riga.

Litinin, bayan la'asar

Likitan zuciya ya tsayar da ni a baranda. Dattijo ne, ba ya gaggawa. Wannan karon na saurara har ƙarshen magana. Ba mai daɗi ba ce.

Na koma ɗaki na ce mata ya ce ta rage surutu.

Talata, da yamma

Numfashin ya koma irin na da. An sa mata robar iska a hanci, ta ce ta yi kama da jakin da aka ɗaure. Tana ɗinka gefen ɗankwalin, ɗinki uku, hutu, ɗinki uku, hutu. Na ce ta kawo in ƙarasa. Ta ce ta ga maɓallin da na taɓa ɗinkawa, Allah ya kyauta.

Da Auta ta fita neman ruwan zafi, ta ajiye allurar.

"Farfesa. In wani abu ya faru, za a ba Baƙo ladan aikin da bai yi ba. Kada ki yarda. Ni na kore shi, kowa ya gani."

Na ce ba abin da zai faru. Ta ce in bar wa Yaya irin wannan maganar, ba ta yi min kyau a baki.

"Ke ce mai labarai. Ki faɗa musu duka, daga farko har ƙarshe. Kada ki zaɓi mai daɗin."

Na ce to. Ta ce in miƙo mata madubi.

Laraba

Suna ƙasa. Muna sama. Ta gama ɗankwalin.

Juma'a, da safe

Ban je aiki ba.

Asabar, da rana

Kayanta leda biyu ne. Silifan ba su da nauyi ko kaɗan.

Lahadi, bayan magariba

Gida cike da masu ta'aziyya. Takalma har bakin titi. Auta ta rufe keken da zane, wani ya ɗora tire a kai, na sauke.

Kowa da maganarsa, amma duk ɗaya ce. Wannan ciwo ba ya barin mutum. Ai dama lafawa yake yi. In ya kama, ya kama. Na farko da na biyu na bar su. A ta uku na ce ba shi ba ne, zuciya ce. Ta kalle ni kamar na gyara mata karatun salla. Na huɗu ma na gyara, da na biyar. Gwaggo ta ja ni gefe ta ce ajali ne, in bar wannan bokon. Na ce na yarda ajali ne, amma ajali ma ta ƙofa yake shigowa, kuma ba ta wannan ya shigo ba.

Yaya ya ce ina ba mutane kunya. Can da yamma na jiyo shi a waje cikin maza, da muryarsa ta a taka birki, yana cewa a'a, Alhaji, ba shi ba ne, shi ta kayar da shi tun bara waccan. Sannan ya faɗi sauran. Duka. Har da inda ya tsaya a bakin ƙofa.

Talata, da yamma

Na ɗanɗana miya na ji ba gishiri. Na tsaya da cokali a hannu, ba wanda ya yi kira daga ɗaki.

Laraba, da azahar

Ta babbar ƙofa na shiga. Na ɗaga kai na kalli tagar, ba kowa a kujerar.

A benci na same ta, a baranda, taku kaɗan daga ƙofar ɗakin. Uwar Tagwaye, da jakarta a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu kamar mai jiran mota. Wata nas ta raɗa min cewa tun safe take nan, an kira sunanta ta ƙi tashi.

Na zauna kusa da ita. Ta yi min gaisuwa, na amsa. Ta ce mura, ko? Na ce na yi ƙarya.

"An ce ya dawo ya ɗauke ta."

"Bai dawo ba. An duba lungu da saƙo. Zuciya ce."

Ta ce duk mutuwa ce. Ta ce amma dai gara haka, ta ɗan saki jakar. A nan ya kamata in tsaya. Na ga ƙofa a buɗe, na ga rabin da zai tashe ta daga bencin nan ba tare da wahala ba. Rabin na biyu kuwa yana iya mayar da ita rumfar kifi har abada. Na yi shekaru ina zaɓar wa masu sauraro kalma mai laushi, na iya aikin.

Na ce mata maganin da ya kori ciwon shi ya raunana zuciyar. Likita ya ce a riƙa dubawa, mu muka ji rabi muka tafi da murna. Da an duba da wuri, akwai abin yi. Na ce ita ma ledar da ke jiranta a ciki ba ruwan sanyi ba ne, ta tambaya, ta sa a duba tata, yau da gobe da bayan an sallame ta, ko an ce mata ta warke.

Wani ya wuce da keken zannuwa, ƙafa ɗaya tana kuka.

"Gashin fa?"

Na ce yana nan har ƙarshe. Ni na yi mata kitso, ta ce na ja da yawa.

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Na ciro ɗankwalin na ba ta. Ta juya shi, ta bi gefen da yatsa, inda ɗinkin keke ya ƙare na hannu ya fara. Ta ce wannan gefen ya karkace. Na ce ta je ta gaya mata.

Ta cire nata a nan barandar, a gaban kowa, kai fes kamar ƙwai, ta ɗaura sabon. Ta miƙe. Ta ce har yanzu fuskata ba ta biya bashin dariyar ba. Tana tura ƙofar na ji muryarta ta kasuwa tana ce wa nas kada a taɓa hannunta sai an kira yaron nan mai gilashi ya saurari ƙirjinta, kuma ya yi magana a hankali, don ita har ƙarshe za ta ji.

Ƙofar irin mai komawa da kanta ce. Ta dawo a hankali, ta rufe. Na ɗauki jakata na bi baranda, na fita ta gaban tagar.